Famfunan Arfa da Jirgin Rayyis Salihu

Faisal ɗan ƙanwata ya shigo warshata, wato shagon zubina, a unguwar Ka'akiyya ta Makka ranar Asabar tare da abokansa biyu, kowa da waya a hannu, ya ce sun gama shawara. Za su buɗe wurin zubin kayan jirgin ruwa, don masu kuɗin Jidda sun koma sayen ƙananan jirage na shan iska, kuma kowane jirgi yana bukatar ƙugiya da famfo da maɗauri na tagulla. Na tambaye shi inda ya koyi zubi. Ya nuna mini wani bidiyo na minti shida, wani mutum da safar hannu fara tas yana zuba narkakken ƙarfe a yashi, kiɗa na tashi a baya.

Ya ce, "Kawu, abin sahal ne wallahi, ba wuya. Ka narka, ka zuba, ka goge, halas."

Na ce masha Allah, ashe shekara arba'in da ɗoriya da na yi ina gasa fuskata a gaban wuta duk wahalar banza ce, da na sani na jira a ƙera waya. Ɗaya daga cikin abokan nasa ya ɗaga kai ya ga wasu ƙarafa biyu da na rataye a bango, ja-ja, ba sheƙi, ya ba ni shawara kyauta cewa in goge su su yi kyalli, za su fi jan hankalin masu saye. Na yi masa godiya. Tunda zama a saurari tsoho ya fi ƙarfinku, kai Faisal da abokanka, ga shi na sa an rubuta muku, ku karanta a wayar taku.

Aikin farko da na gani an zuba turmin daka gahawa ne, a shagon Baba Tanko a Misfala, tun kafin a rushe layin. Baba Tanko ƙanen mahaifina ne. Kakanmu ya taho daga Kano da ƙafa don aikin Hajji, ya zo da zuga-zuginsa a ka, bai koma ba. A wannan shago na yi shekara uku ban taɓa tukunyar narki ba. Aikina tankaɗe yashi, jiƙa shi daidai yadda idan ka dunƙule zai tsaya bai manne a tafin hannu ba, da kuma zaɓen tsofaffin ƙarafa. Baba zai juye buhu a ƙasa, ya miƙo mini magagari, ya ce in raba. In na gama sai ya zo ya ɗauki ɗaya, ya goga, ya duba launin da ya bayyana, ya jefa shi a kan uwar maƙera ya saurari kukansa. Idan na sa shi a tarin da ba nasa ba, ba ya faɗa. Da ƙafa yake haɗe tarin gaba ɗaya ya koma shan shayinsa, ni kuma in sake daga farko.

Abin da ya koya mini a shekara ukun nan bai fi cikin cokali ba, amma a kansa sana'ar take zaune. Jan ƙarfe shi ne uwa. Idan ka haɗa shi da tutiya mai yawa, ka samu tagulla rawaya, mai kyan gani, mai arha, mai sauƙin zuba, wadda ke shiga kowane lungu na yashi ba gardama. Idan ka haɗa shi da kuza, kamar kashi ɗaya cikin goma, ka samu tagulla ja, mai tsada, mai taurin kai, wadda ba ta burge kowa a kan kanta. A Makka rawayar ce sarauniya. Iskarmu busasshiya ce, makwankwasar ƙofa da Baba ya zuba kafin a haife ni har yau tana nan a gidan wasu mutane ba abin da ya same ta. Shi ya sa mutumin Makka, komai iliminsa, a ransa ya yarda cewa tagulla ba ta mutuwa.

Teku kuwa ba ta san da wannan magana ba. Ruwan gishiri yana bin tagulla rawaya a hankali ya tsotse tutiyar da ke cikinta, ya bar jan ƙarfen a tsaye kamar soso. Siffar ba ta canzawa, girman bai ragu ba, in ka kalle ta daga nesa lafiyarta ƙalau. Sai ranar da aka dogara da ita.

Aikin jirgi na farko ya zo mana ne daga wani masunci na Shu'aiba, bakin tekun da ya fi kusa da mu, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai a mota. Ya kawo maratayin daffa ya karye. Daffa ita ce allon nan na bayan jirgi da ake juya shi da ita, tana rataye a kan ƙarafa biyu, na sama da na ƙasa, na ƙasan kullum cikin ruwa yake. Baba ya juya karyayyen a hannunsa, ya ga waje rawaya, ciki ja kamar ɗanyen nama, ya danna da farce ya ga yana marmashewa. Bai taɓa shiga jirgi ba a rayuwarsa, ko kifi ba ya so, amma ya ce wa mutumin ya dawo da jarka cike da ruwan teku. Daga ranar muka fara al'adar kwalba. Duk zubin da za a kai teku, sai a yanke wutsiyarsa, wato ɗan ragowar ƙarfen da ke daskarewa a bakin zubi, a jefa a kwalbar ruwan gishiri, a rufe, a rubuta sunan mai jirgi. Abin da teku ke yi wa aikinka a can, kwalba tana gaya maka a nan. Na san wayarku ba ta da wannan, amma ku yi haƙuri, wataƙila a sabuwar da za ta fito.

Bayan rasuwar Baba na dawo Ka'akiyya da kayan aiki da kwalabe. Zuga-zugi ya koma fankar lantarki, gawayi ya koma gas, amma awartaki da magagari da sikeli suna nan yadda suke. A hankali na koyi cewa tagulla jar ma iri-iri ce. Famfon da ke shigar wa inji ruwa da maratayin daffa, mai kuza suke so. Kusoshi da ƙananan maɗaurai, mai silikon. Farfela kuwa tana son mai alminiyom da nikel, kuma wannan ban cika zuba ta ba, don tana da fushi a tukunya, ina tura mutane Jidda. Akwai kuma wadda 'yan kasuwa ke sayarwa da suna mai daɗi, su ce tagullar jirgi ce ta musamman, alhali rawaya ce aka sa mata rawani. In ta shiga wuta za ka ga farin hayaƙi ya turnuƙe, yana zuba a kan kaya kamar gari. Wannan hayaƙin tutiya ce, kuma ba ta iya rantsuwar ƙarya kamar mai sayar da ita.

Wani likita ya taɓa kawo mini hoton jirginsa, ya ce yana son duk ƙarafan su yi launin zinariya don su dace da kujeru. Na yi masa bayani na rabin awa. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce ya karanta a wani wuri cewa duk ɗaya ne. Na ce ni ma na karanta a wani wuri cewa ciwon ciki da ciwon zuciya duk ɗaya ne, ko zai yarda in yi masa tiyata. Ya tafi wurin wani, aka yi masa zinariyarsa. Irin waɗannan ba sa damuna, domin jirginsu a ɗaure yake wata goma sha ɗaya a shekara, in ya nutse ma a gaban gidan cin abinci zai nutse.

Masuntan su ne mutanena, kuma a cikinsu babu kamar Rayyis Salihu. Rayyis suke ce wa mai jan ragamar jirgi. Shi ma jikan alhazai ne, kakanninsa daga Sakkwato, Hausarsa ta fi tawa tsabta in bai yi fushi ba. Jirginsa na katako ne, ya gada daga mahaifinsa, kuma da shi yake fita da 'ya'yansa biyu, Ahmad da Bandar, dukansu magidanta. Gida uku ke ci daga wannan jirgi. Shekara ashirin ina yi masa zubi, bai taɓa shigowa warsha hannu rabbana ba, ko da kifi biyu ne a leda.

Sai shekarar annoba ta zo, shekarar da aka hana alhazai shigowa. Wanda bai zauna a Makka a lokacin ba ba zai gane ba. Ba mai sayen kaskon turare, ba mai sayen butar gahawa, otal-otal a rufe, tukunyata ta yi wata huɗu ba ta ga wuta ba har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Mai kawo mini kuza daga Jidda ya ce babu, sai dai in jira wata ɗaya ko biyu. Abin da nake da shi a warsha buhu uku ne na tsofaffin famfuna, waɗanda aka cire daga wuraren alwala na Arfa da Muzdalifa lokacin da aka sa sababbi. A gwanjo na saye su don makwankwasar ƙofa da kayan ado. Rawaya ce zalla.

A wannan hali Salihu ya shigo da maratayan daffarsa a buhu. Ni na zuba su shekaru da dama da suka wuce, ba su ruɓe ba, sun dai cinye ne da juyi har daffar tana rawa. An sake ba masunta izinin fita, yana son sababbi kafin Juma'a. Na ce masa babu kuza, ya jira.

Ya kira ni da laƙabin da ake kiran gwanin sana'a a nan, ya ce, "Ya Usta Hamza, in jira da me? Gida uku. Wata huɗu muna kallon teku daga kan tudu."

Yana cikin magana idonsa ya faɗa kan buhunan. Ya sunkuya ya ɗauki famfo ɗaya, ya tambayi daga ina. Da na gaya masa, sai ya riƙe shi da hannu biyu.

"Subhanallah. Ya'ani wannan, alhazai nawa suka yi alwala da shi ranar Arfa?"

"Allah kaɗai ya sani, Rayyis. Amma rawaya ce. Teku za ta cinye ta."

"Teku za ta ci abin da ya tsaya a Arfa shekara da shekaru? Ya shaihu, ka ji tsoron Allah. Ka zuba mini da wannan, albarkar da ke jikinsa ta fi kuzarka."

Ga inda ya kamata in tsaya, kuma na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Likita na iya yi wa gatse, domin launin kujera ya kawo. Amma a garin nan, mutum ya ce maka albarka, ya riƙe ƙarfen Arfa kamar jariri, wa zai buɗe baki ya ce masa tutiya ta yi yawa? Sai a ce Usta Hamza ya fara auna albarka a sikeli. Ban da haka, hannuna yana ƙaiƙayin aiki, wata huɗu ba wasa ba ne. Na ce wa kaina na ɗan lokaci ne, da zarar kuza ta zo zan sake masa wasu. Na ce, "Tayyib, na yarda." Washegari na hura wuta. Farin hayaƙi ya cika warsha har maƙwabcina mai walda ya leƙo ya tambaya ko gobara ce. Zubin ya fito sumul, ban taɓa ganin maratayai masu kyansu ba, suna ɗaukar ido kamar awarwaron amarya. Na buga musu tambarina, na yanke wutsiya na jefa a kwalba, na rubuta Salihu.

Daga nan duniya ta buɗe. Masu Umra suka dawo, otal-otal suka tashi da neman kaskon turare ɗari-ɗari, kuza ta zo ta ƙare ta sake zuwa. Salihu yana aiko da kifi da gaisuwa, yana cewa tunda aka sa ƙarfen Arfa komarsa ba ta taɓa dawowa wayam ba. Ni kuma, gwanin da nake ba ku labari, na manta da kwalba shekara ɗaya da rabi.

Wata safiya ina neman kwalbar da zan sa sabuwar wutsiya, hannuna ya kai kan tasa. Na zaro ƙarfen da awartaki. Ya koma ja, irin jan nan na ɗanyen nama da na gani a hannun Baba Tanko. Na goga magagari, ya shige kamar a busasshen burodi. Na ɗan matsa awartakin, ƙarfen ya rabe biyu. Na ji tsoro ƙwarai, na zauna a kan buhun yashi.

Lambar Salihu tana cikin wayata. E, ni ma ina da waya, wadda nake muku dariya a kanta. Kira ɗaya ne, in ce Rayyis kada ka fita gobe, ka ja jirgi tudu, ƙarfen da na zuba maka ya mutu. Na ɗauko ta na kalli sunansa, sai na tuna cewa gaba ɗaya masuntan Shu'aiba za su ji Usta Hamza, mai kwalabe, mai yi wa likitoci wa'azi, ya zuba rawaya a ƙarƙashin ruwa ya buga tambarinsa. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in yana son ya ceci sunansa. Zan zuba sababbi na tagulla ja, in kai masa da kaina a matsayin kyauta, in ce na ga shekaru sun ja, gara a canza. Ba wanda zai san komai. Ƙarfen da ya yi shekara ɗaya da rabi, na ce, ai zai ƙara mako guda.

Kuzar da ke hannuna ba ta isa ba, na jira kwana huɗu ta zo. Zubin farko ya fito da ƙuraje a ciki, na fasa na sake, domin ni ba na sakin aiki mai aibi, kun dai ji irin mutuncina. Na goge, na huda, na gwada a kan sanda har sau uku. Kwana tara cif. A rana ta goma na naɗe su a buhu, na sa sabuwar riga, na kama hanyar Shu'aiba bayan sallar asuba.

Da na isa, inda jirgin Salihu ke tsayawa babu komai sai igiya a ɗaure a turke. Wani masunci yana gyaran koma a gefe, ya gane ni, ya miƙe ya ce, "Ya Usta, jaje ka zo? Allah ya saka." Shi ya ba ni labari. Shekaranjiya da la'asar, suna dawowa, iskar arewa ta taso kamar yadda ta saba. Suna shiga 'yar ƙofar da ke tsakanin duwatsun murjani, inda jirgi ke bukatar daffarsa fiye da ko'ina, maratayin ƙasa ya karye, na sama ya bi shi, daffar ta tafi. Jirgin ya juya a kaikaice, igiyar ruwa ta ɗaga shi ta maka a kan dutse sau biyu. Wani jirgi da ke bayansu ya tsamo su ukun da rai. Bandar ya karye a hannu. Jirgin Salihu kuwa ko allo ɗaya mai amfani ba a samu ba.

Na iske Salihu a gida, zaune a tabarma, ƙafafunsa duk yankan murjani. Kafin in buɗe baki ya sa hannu a aljihu ya ciro guntun maratayin sama, wanda ya zo a jikin wani katako da ruwa ya turo. Tambarina yana jiki, ana karanta shi sarai.

Ya ce, "Ka gani, ya Usta? Mu uku, a kan sha'abi, tsakiyar duwatsun murjani, da wannan iska, kuma ba wanda ya mutu. Wallahi ba don ƙarfen Arfa ba da yanzu ana zaman makokinmu."

Na ajiye buhuna a gabansa na gaya masa komai. Hayaƙin, kwalbar, wayar, kwana taran. Ban rage ko ɗaya ba, a gaban 'ya'yansa. Ahmad ya tashi ya fita, kuma har yau in mun haɗu gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu. Salihu ya buɗe buhun, ya shafa sababbin maratayan, ya mayar ya ɗaure.

"Ma'alesh, ba komai," ya ce. "Kai ƙarfe ka sani, ba ka san ƙaddara ba. Ni na ce ka zuba. Ɗauki kayanka, ba ni da inda zan rataye su."

Su ne ƙarafan nan biyu na bango, waɗanda abokinka ya ce in goge, Faisal. Ban taɓa yin zubi mai kyansu ba, za su yi shekara hamsin a cikin teku ba abin da zai same su.

Jirgin katako irin nasa ba a sake sassaƙa shi, na roba kuma ya fi ƙarfin gida ukun. Ahmad yana tuƙa motar ruwa, Bandar yana gadi a wani otal da hannunsa da bai miƙe daidai ba. Salihu ya dawo Makka. Yana nan a kasuwar kifi ta Ka'akiyya, tafiyar minti goma daga warshata, a layin masu gyara, yana kankare ɓawon kifin da wasu suka kamo. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana ce masa Rayyis, yanzu matan gida ke ce masa ya yi sauri, kada ya yanka da kauri.

To ga sharaɗina, in har da gaske kuke. Gobe da safe ku je kasuwar, ku sayi kifi, ku nemi tsohon da ke da tabon yanka a ƙafafu ku ba shi ya gyara. Ku tsaya ku kalli hannunsa har ya gama, kada wanda ya taɓa waya. Zai ciro guntun ƙarfe daga aljihu ya nuna muku, domin kowa yake nuna wa, zai kuma gaya muku cewa a duk ƙasar nan babu mai zubi kamar kawunku. Ku saurara har ƙarshe. In kun dawo kuna son sana'ar, ga rariya ga yashi.

Makon jiya na bi ta wurinsa. Ya ce in Allah ya hore wa yaran wani jirgin, ba wanda zai zuba musu maratayai sai ni, sannan ya sassauta murya ya tambaye ni ko akwai sauran famfunan nan. Na ce sun ƙare. Akwai rabin buhu a bayan injin huda.